Tusar jaki a hannun yaro ɗan shekara 12: daga ƙwaya ɗaya zuwa tara, da yadda aka rabu da ita

Yaron da yadda yake kafin abin ya fara

Yaro ne ɗan shekara 12, lafiyarsa ƙalau, baya shan wani magani na kullum, bai taɓa kwanciya asibiti ba, ba sikari ba wata cuta mai raunana garkuwar jiki. Su huɗu ne a gidan, shi da ƙanwarsa 'yar shekara 8 da iyayensu. Abu ɗaya dai da kowa ya san shi da shi shine cin farce, tun yana aji ɗaya yake yi, kuma ba farcen kaɗai yake ci ba har fatar gefen farcen yake gutsira da haƙori, in yana karatu ko kallo ko an masa faɗa to hannu na baki. Shi yasa gefen faratansa kusan kullum a tsage suke, wani lokacin har da ɗan jini-jini. An yi faɗan har an gaji an zuba masa ido.

A makaranta kuma akwai abokinsa da suke zama benci ɗaya, shi abokin yana da tusar jaki guda uku a bayan hannu tun shekarar da ta wuce, suna aron biro da rula, suna kokawar hannu in an fita tara. Wannan maganar bata fito ba sai daga baya da likita ta tambaya, amma nan ne wurinta in ana bin abin daki-daki. Awon da zan riƙa kawowa na farko-farko ƙiyasi ne daga hotunan wayar mahaifiyar, daga Disamba kuwa da rula take aunawa tana rubutawa.

Maris zuwa Yuni: ƙwaya ɗaya tal

A watan Maris mahaifiyar ta fara lura da wani ɗan tsiro a gefen farcen manuniyarsa ta dama, bai fi milimita 2 ba, launinsa ɗaya da fata, sumul yake, ba zafi ba ƙaiƙayi. Ta ɗauka kanta ce ta riƙon biro, ba a yi komai ba.

Zuwa ƙarshen Yuni ya kai kamar milimita 5, ya taso sama, samansa yayi kaushi ya tsattsage, in ka duba a haske zaka ga wasu ɗigo-ɗigo baƙaƙe a ciki. Layukan nan na fatar yatsa kuma sun katse a wurin, sun kewaye shi basu bi ta kansa ba. Gwaggonsa da ta zo ziyara ce ta kama hannun ta duba tace ai wannan tusar jaki ce, ku ƙyale ta zata faɗi da kanta. Shi kuwa yaron tuni ya samu sabon abin tauna, duk sanda ya zauna shiru sai ya kai haƙori yana ɓantarar samanta.

Yuli: reza

Mahaifin bai yarda da maganar a ƙyale ba. A satin farko na Yuli ya sayo sabuwar reza, ya wanke wurin da sabulu, ya riƙe yatsan ya shafce tsiron daidai da fata. Jinin da ya zuba ya ba kowa mamaki don ya fi ƙarfin girman ciwon, sai da aka danne da auduga wajen minti goma kafin ya tsaya, kuma garin fizge hannu da yaron yayi rezar ta ɗan ja wani siririn layi zuwa gaɓar yatsan. Aka ɗaure da bandeji. Kwana biyar wurin ya bushe, mahaifin yace shikenan an gama.

Sati uku bayan nan ta dawo a daidai inda take, kuma wannan karon ta fi faɗi, kamar milimita 6, ta fara shiga ƙarƙashin farcen. Zuwa tsakiyar Satumba wasu ƙanana guda biyu sun fito a jere a kan layin nan da rezar ta ja.

Agusta zuwa Nuwamba: man shafawa, zare da salatif

A wannan tsakanin an gwada abu uku. Na farko wani man shafawa da aka samo a kemis, irin haɗin nan mai maganin bakteriya da maganin makero da kuma sinadarin kwantar da kumburi duk a bututu ɗaya, aka shafa safe da yamma sati huɗu, ko gezau. Na biyu zare, aka ce a ɗaure gindinta tamau zata bushe ta faɗi, to amma ita wannan shimfiɗaɗɗiya ce bata da wuya balle zare ya kama, zaren ya dinga zamewa, da aka matsa sai yatsan ya kumbura aka kwance da sauri. Na uku salatif mai ƙarfi, wanda mahaifiyar ta gani a intanet, ana manna shi kwana shida a cire a jiƙa a goge a sake mannawa. Shi ma bai yi sati biyu ba aka bari don baya zama a yatsan yaron da ke wanke hannu yana gumi yana kai shi baki.

Da aka zauna aka ƙirga a ƙarshen Nuwamba guda tara ne. Uku a manuniyar dama, uku a gefen faratan wasu yatsun, biyu a bayan hannun hagu, sai wata siririya mai tsini a gefen leɓensa na ƙasa. A watan nan ne kuma ƙanwar ta nuna wa uwar babban yatsanta tace Umma duba irin na Yaya ya fito min, guda biyu ƙanana.

Abin da ya fi damun uwar ma ba yawan bane, yadda yaron ya canza ne. Ya daina miƙa hannu a gaisa, yana cusa hannu a aljihu, a aji ya daina ɗaga hannu ko ya san amsa, wasu yaran sun sa masa suna sun daina karɓar abu daga hannunsa. Rubutu ma ya fara masa zafi saboda babbar tana tsagewa tana jini. Manya kan ce ai ba ciwo bace tunda bata kwantar da mutum, amma wallahi ga ɗan shekara 12 ba ƙaramin abu bane ace kullum yana ɓoye hannunsa.

Disamba: gaban likita

A satin biyu na Disamba aka kai shi wajen likitar fata. Bata yi gwajin jini ba bata yanki komai don kaiwa ɗakin gwaji ba, da ido da gilashin ƙara girma ta duba, ta ɗan kankare saman ɗaya da wuƙar aiki ɗigon nan baƙaƙe suka fito fili, tace tusar jaki ce ta gama-gari. Babbar ta auna milimita 8. Ta tambayi ko yana yawan rashin lafiya, ko yana ramewa, ko yana shan wani magani, duk a'a. Sai ta juya faratansa ta kalla tace wa uwar, Maman yaro tun yaushe yake cin farce? Daga nan ta tambayi ko akwai mai irinta a gida ko a aji, nan ne maganar abokin benci ta fito.

Mahaifin yace shi a saninsa dattin jini ne ke kawo ta, kuma baƙaƙen ɗigon nan sune irinta, in ba a tono saiwar ba bata mutuwa. Likitar tace Malam ba saiwa ba iri, ba kuma ruwan jini a ciki. Ƙwayar cuta ce ta bairos da ake kira HPV, tana da nau'i sama da 200, kuma kowane rukuni da inda ya fi so a jiki. Masu kawo ta hannu da yatsu galibi nau'i na 2 da 4 da 27 da 57 ne, na 1 ya fi zama a tafin ƙafa, na 3 da na 10 su ke kawo shimfiɗaɗɗun nan ƙanana na fuska da bayan hannu. Ƙwayar bata iya ratsa lafiyayyar fata, sai ta samu tsaga ko ƙwarzane ko fatar da ta jiƙu tayi laushi sannan ta kai ga ƙwayoyin fata na can ƙasa masu hayayyafa, ta shige cikinsu ta sa su suna ninkuwa fiye da ƙima, tarin fatar da suka yi shine tsiron da ake gani. Duk abin a saman fata yake bai nutsa cikin nama ba. Baƙaƙen ɗigon kuwa ƙananan jijiyoyin jini ne da suka taso cikin tsiron jini ya daskare a bakinsu, su ne suka sa reza ta jawo jini haka.

Kuma bata fitowa nan take, daga shigar ƙwayar zuwa a ga tsiro yakan ɗauki wata ɗaya zuwa shida, wani lokacin ma fiye, shi yasa da wuya mutum ya iya cewa ga ranar da na ɗauka ko ga wanda ya shafa min. Dalilin da yasa take daɗewa kuma shine ƙwayar bata shiga jini, bata fasa ƙwayoyin fatar da take ciki, bata tada kumburi, sai ta zama kamar baƙon da ya shigo ya zauna a zaure ba sallama, masu gida na ciki basu san da shi ba. Garkuwar jiki sai ta daɗe bata farga ba. Cewa cuta ce mai yaɗuwa ba sabon sani bane, tun 1907 wani likita ɗan Italiya Giuseppe Ciuffo ya tace ruwan tusar jaki ta matacin da bakteriya basa iya wucewa, ya sa wa kansa a hannu, bayan watanni ta fito masa.

Uwar ta shigo da nata tsoron, don da ta ji an ce HPV sai gabanta ya faɗi, ta taɓa karanta cewa ita ke kawo sankarar bakin mahaifa, ga kuma 'yarta ta kamu. Likitar ta kwantar mata da hankali tace dangi ɗaya ne amma ba su bane, masu kawo sankara irin su nau'i na 16 da 18 daban suke da na hannu, kuma allurar rigakafin HPV da ake yi wa yara mata don waɗancan aka yi ta ba don tusar jakin yatsa ba.

Batun yawanta kuwa, yaron ya zaci shi kaɗai ne a duniya. Ƙiyasin da aka fi kawowa shine kusan mutum 1 cikin 10 na ɗauke da ita, kuma ta fi yawa nesa ba kusa ba a 'yan makaranta, musamman tsakanin shekara 12 zuwa 16, jarirai kuwa da wuya a gani a jikinsu. Wani bincike da aka wallafa a 2009 daga ƙasar Holan ya duba hannu da ƙafar yara 1,465 'yan firamare masu shekara 4 zuwa 12, aka samu kashi 33 cikin 100 suna da ita, wato ɗaya cikin uku, daga kashi 15 a 'yan shekara 4 har zuwa kashi 44 a 'yan shekara 11. Abin da ya fi jan hankalina a binciken nan shine inda aka gano haɗarin yake. An daɗe ana ɗora laifin a kan wurin ninƙaya da bandakin haɗaka da yawo ba takalmi, amma su basu ga alaƙa da waɗannan ba, abin da suka gani shine yaron da wani a gidansu ke da ita, ko wanda ajinsu ta yi yawa, shi ya fi kamuwa. A manya kuma sana'a na da tasiri, wani bincike a Ingila a 1994 ya samu kusan ɗaya cikin uku na mahauta da ma'aikatan mayanka suna da ita a hannu, ma'aikatan ofis kuwa wajen kashi 15, har akwai nau'i na 7 da aka fi sani da mahauta, ba wai daga naman take zuwa ba, ƙwayar ta mutane ce. Sai masu raunin garkuwa, kamar masu HIV ko waɗanda aka yi wa dashen ƙoda suna shan maganin danne garkuwa, su tasu tana yawa kuma tana taurin kai.

Likitar ta shimfiɗa musu zaɓi uku, a jira, ko a sa asid, ko a daskarar da ita. Tace a yara kusan rabi suna rabuwa da ita cikin shekara guda ko ba magani, kashi biyu cikin uku cikin shekara biyu. Ta ƙanwar tunda ƙanana ne basa damunta aka yanke a ƙyale, a dai rufe da filasta in za ta makaranta. Shi kuwa saboda zafi da yaɗuwa aka zaɓi magani. Ta kuma yi gargaɗi cewa in bai daina cin farce ba aikin zai yi wuya.

Disamba zuwa Maris: asid, zagaye na farko

Maganin ruwa ne mai salisilik asid kashi 17 cikin 100. Ƙa'idar ita ce kullum da dare a jiƙa hannun a ruwan ɗumi minti biyar zuwa goma, a goge farar matacciyar fatar sama da abin goge farce wanda ba mai amfani da shi sai shi, a shafa basilin a lafiyayyar fatar da ke kewaye, a ɗiga maganin a kan tsiron kaɗai, ya bushe a rufe da filasta, haka har sati 12. Ta leɓe an ce kar a kuskura a sa mata, asid ɗin ba na fuska bane.

Sati biyun farko an bi ƙa'ida. Daga nan aka bar wa yaron yana yi da kansa, sai abin ya koma yau a yi gobe a manta, a takardar uwar wasu satuttukan sau uku kawai aka sa. A sati na biyar ya zuba da yawa ba basilin, fatar gefen yatsan tsakiya ta ƙone tayi fari ta saluɓe, dole aka tsaya kwana shida. Filastan kuma da safe yake ɓare shi, cin farce na nan yadda yake.

Da sati 12 suka cika a tsakiyar Maris, biyun nan na bayan hannun hagu sun tafi. Babbar ta ragu daga milimita 8 zuwa 6 sannan ta tsaya. Sauran na gefen farce suna nan, wata sabuwa ma ta fito a ɗan ƙaramin yatsa. Jimilla takwas.

Maris zuwa Mayu: daskarewa

Aka koma asibiti aka fara daskarar da su da ruwan naitirojin, wanda sanyinsa ya kai digiri 196 ƙasa da sifili. Ana fesa shi a kan tsiron na 'yan daƙiƙoƙi har wurin yayi fari fat, sanyin ya kashe ƙwayoyin fatar da cutar ke ciki, bayan kwana ɗaya ko biyu bororo ya taso, ya bushe, ɓawon ya faɗi. An tsara zama duk bayan sati uku.

Ta leɓe zama ɗaya ta tafi bata dawo ba. Biyu ƙananan da ke kan layin reza sun tafi a zama na biyu. Amma na gefen farce likitar da kanta tace ba zata matsa musu sosai ba, don a nan gindin farce yake, in sanyin ya taɓa shi farcen zai iya fitowa a karkace har abada, kar garin neman gira a rasa ido. Zafin kuma ba wasa ba, bakin yatsa wuri ne mai jin ciwo sosai, yaron yana kuka a zaman yana kwana yatsa na zugi. Bayan zama na biyu wani babban bororo mai jini ya taso a kan babbar, da ya warke sai tsakiyar ta washe amma ƙananan tsiro suka fito a zagaye a bakin inda bororon ya tsaya, kamar zobe, faɗin duka milimita 9. Inda aka daskarar a gaɓar yatsa kuma fatar ta yi haske ta bar farin tabo, abin da ke yawan faruwa ga masu duhun fata saboda ƙwayoyin da ke ba fata launi basa jure sanyi.

Ranar zama na huɗu a watan Mayu yaron ya tsaya a ƙofa yace Abba don Allah kar a sake, na yarda ta zauna. Likitar bata tilasta ba, tace a tsaya haka. Saura biyar, duk a gefen farce.

Yuni zuwa Agusta: asid, zagaye na biyu, da rufe yatsu

An huta sati uku fatar ta warke, sannan a farkon Yuni aka koma kan asid ɗin nan dai na farko, ba a canza magani ba. Abin da aka canza shine yadda ake yi. Uwar ta karɓi aikin a hannunta, kowane dare ita ke jiƙawa ta goge ta ɗiga ta rufe, ba fashi. Filasta ya zama dare da rana, ana sa sabo da safe kafin makaranta, yatsu huɗu a naɗe. Sauran faratan aka yanke su gajeru aka shafa musu wani ruwa mai ɗaci da ake yi don masu cin farce, aka ware masa abin yanke farce da tawul nasa shi kaɗai, ana shafa masa mai a hannu don fatar ta daina tsagewa. Kuma wannan karon an zauna da shi an yi masa bayani, an nuna masa a hoto yadda duk inda haƙorinsa ke zuwa nan take fitowa har leɓe, shi da kansa yace zai daina. Bai daina rana ɗaya ba, amma zuwa ƙarshen Yuni gefen faratansa sun haɗe a karo na farko cikin shekaru.

Sati shida ba wani canji sai dai ba sabuwa. Uwar ta fara karaya. A satin ƙarshe na Yuli sai yaron ya fara cewa suna masa ƙaiƙayi, gindinsu yayi ja ya ɗan kumbura, baƙaƙen ɗigon suka ƙaru har saman babbar yayi duhu. Uwar ta tsorata ta kira likitar, tace in ba ruwa ko mugunya ko zazzaɓi a dakata da asid ɗin a zuba ido. Cikin sati uku duka biyar suka bushe suka zube, har da wata da ke can ƙarƙashin farce wadda maganin bai taɓa isa gare ta da kyau ba. A tsakiyar Agusta likitar ta duba da gilashi, layukan fata sun dawo sun ratsa wurin, wanda shine alamar ta tafi da gaske. Daga Maris na farko zuwa nan wata 17.

Ta ƙanwar da ba a taɓa sa mata komai ba ta ɓace a watan Satumba, wata goma da fitowarta, ba tabo ba kuka.

Bayan wata shida

A Fabrairu aka sake dubawa, ba wadda ta dawo. Farcen manuniya da ya fito da ɗan kwari a tsakiya ya tsiro ya wuce an yanke shi, sabon ya fito daidai. Farin tabon gaɓa ya ragu amma ana ganinsa har yanzu. Cin farce yakan dawo lokacin jarrabawa, uwar na ganin haka take fito da filasta.

Me ya yi aiki, me bai yi ba

Reza ita ce ta fi komai ɓarna a wannan lamarin. Ta cire abin da ido ke gani ta bar ƙwayoyin da ke ɗauke da cutar a ƙasa da kewaye, sannan ta buɗe sabuwar fata ta shafa mata cutar, biyun da suka fito a jere kan layin yankan sun isa shaida. Man kemis ba yadda za a yi yayi aiki, maganin bakteriya da na makero basa taɓa bairos, sinadarin kwantar da kumburin ma garkuwar wurin yake kwantarwa alhali ita ake so ta tashi. Zare na tsiro mai wuya ne, ba na wannan ba. Salatif kuwa ba zan ce ya gaza ba tunda ba a yi shi yadda ya kamata ba, amma dama hujjarsa bata da ƙarfi, binciken 2002 a Amurka da ya sa ya yi suna ya samu kashi 85 sun warke, sai dai waɗanda aka sake a 2006 da 2007 basu ga wani bambanci na a zo a gani ba.

Daskarewa tayi aikinta inda aka iya yi da ƙarfi, leɓe da gaɓar yatsa, kuma hakan ya dace da wani gwaji da aka yi a Holan aka wallafa a 2010, inda bayan sati 13 kashi 49 na masu tusar jakin gama-gari suka warke da daskarewa, kashi 15 da asid, kashi 8 da jira kawai. Ka ga ko mafi ƙarfin maganin ma rabi yake warkarwa, kuma da zafi da tabo. Duk wanda yace maka yana da magani mai cire ta tashi ɗaya ga kowa, ka yi hattara da shi.

Ainihin abin da ya kawo ƙarshenta a ganina garkuwar jikin yaron ce, alamun sun nuna, ƙaiƙayi da ja da baƙi sannan duka su zube lokaci guda har da wadda magani bai kai gare ta ba. Asid da naitirojin ba kashe ƙwayar suke ba, rage tsiron suke suna tsokanar wurin, wanda hakan na iya sa garkuwa ta farga da wuri. Ko su ne suka farkar da ita, ko lokacinta ne yayi kamar yadda na ƙanwar yayi ba tare da komai ba, mutum ɗaya bai isa a yanke wannan hukuncin da shi ba, kuma gaskiya maganar gwaggo ta a ƙyale tana da hujja a bayanta. Sai dai ƙanwar bata cin farce, nata biyu suka tsaya a biyu. Shi kuwa muddin haƙori na ɗaukar cutar daga wannan yatsa yana buɗe mata ƙofa a wancan, ana kashe biyu wata na fitowa, kuma sabbi basu daina fitowa ba sai a watan da gefen faratansa suka haɗe. Da tun a Maris na farko aka rufe ƙwaya ɗayan nan da filasta aka tsaya kan cin farcen, ina da yaƙinin ba za a kai tara ba, ko da kuwa ita ta farkon zata yi shekararta.

Wannan duk labarin yaro ne mai lafiya, kar a ɗauke shi a ɗora wa kowa. A babba tusar jaki ta fi daɗewa, tana iya shekaru. Mai sikari ko mai matsalar gudanar jini a ƙafa kar ya sa asid ko ya kankare da kansa. Wadda ta fito a fuska ko al'aura ta likita ce. Haka wanda suka fito masa da yawa lokaci guda yana babba, a duba garkuwarsa. Tsiron da ya fito wa mai shekaru yana girma da sauri, ko yana jini ba a taɓa shi ba, ko ya canza launi, ko ya zama gyambon da ya ƙi warkewa musamman a gefen farce ko tafin ƙafa, wannan a kai shi a duba kafin a sa masa komai, don akwai sankarar fata da ke fara fitowa da kamannin tusar jaki.